Fitilar Honarabul

Yau na ɗan jingine maganar littattafai, saboda wani abu da ya tsaya mini a rai tun dawowata daga Tsafe.

Duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ya zarce Bungudu, ya ga turakun fitilar sola a bakin titi da ƙofar masallatai, da yawansu ɗauke da sunan honarabul ɗin da ya "kawo". Da rana gwanin ban sha'awa. To ka dawo bayan isha'i ka ƙirga guda nawa ke ci. Farantin ba shi da laifi, yana iya shekara 20 yana aiki. Batir ne ke mutuwa, mai araha ma ba ya wuce shekara 2 ko 3, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin babu mai gogewa. Ita kuwa kwangila ta ƙare tun ranar da aka yanke ƙyalle aka ɗauki hoto. Wa zai ware kuɗin canjin batir, alhali ba a rubuta suna a jikin batir?

Ba labari aka ba ni ba. Daren da ƙanwata ta haihu a wani ƙaramin asibiti na yankinmu, da tocilan wayata ungozoma ta karɓi haihuwar. A waje kuwa sabon turke, wanda aka kafa gab da zaɓen 2023, yana ta haska titin da ko kare babu. Farantin nan da batirinsa da a ɗakin haihuwa aka sa su, da sun riƙe ƙwai biyu da fanka har asuba. Amma ɗakin haihuwa ba ya kan hanyar ayarin motocin kamfe.

Abin takaicin shi ne talaka ya daɗe da gane amfanin rana. A 2021, da gwamnatin Matawalle ta hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga, masu janareto sun ji a jikinsu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. A Oktoba 2024 aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. Kowace masifa daga cikin ukun nan sai da ta tura wasu zuwa sola: mai cajin waya a Tudun Wada, mai sayar da ruwan sanyi a tashar Tsafe, manomin rani a fadamar Bungudu da ya gaji da shayar da injin ban ruwa fetur. Da kuɗin adashe suka saya, wani da kuɗin rago. Babu wanda ya kira 'yan jarida.

Na san amsar da za a ba ni: tsaro. Gaskiya ne, akwai ƙauyukan da ko malamin allurar rigakafi ba ya shiga. Amma cikin garin Gusau fa? Sannan tun 2023 doka ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da rarraba ta, don haka an daina fakewa da Abuja. Ilimin ma ba daga Turai za a ɗauko shi ba, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun zamanin Shagari, lokacin muna jiha ɗaya da Sakkwato. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. Nijar da muke rainawa ta buɗe ta Malbaza mai megawat 7 a 2018. Kai, ita kanta fadar shugaban ƙasa an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don ta koma sola. Ashe sun san zaƙinta!

Daga Yarima a 1999 zuwa Dauda Lawal gwamnoni 5 muka yi, jam'iyyu sun yi ta sauyawa, don haka kada wani ya ce wata jam'iyya nake yi wa aiki. Abin da nake nema ba shi da yawa: a fara da asibitoci da rijiyoyin burtsatse, a rubuta kuɗin gyara cikin kowace kwangila, a koya wa yaranmu na kowace gunduma haɗawa da gyarawa. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofata da alkawarin fitila, zan tambaye shi wa zai canza batir, kuma da kuɗin wa.

Turken ƙofar gidanmu dai ya mutu tun bara. Maƙwabcina ke ɗaure akuyarsa a jiki.