ZAUREN ANTI: "Zan Ajiye Fiziks, Me Kika Gani?"

  Wasiƙunku suna isowa, kuma wallahi babu wadda ba na karantawa, wadda ba ta ga tata ba ta yi haƙuri, fili ne ya yi mana kaɗan.

A wannan fitowar na so mu ci gaba da zancen lefe da muka faro, sai ga wata takarda ta shigo wadda ba za ta jira ba, domin kuwa in na bar ta sai wata mai zuwa an riga an rufe rajista, amsar tawa ba ta da sauran amfani. Ga abin da ƙanwar tamu ta ce:

"Anti, ni ɗaliba ce 'yar aji shida a ɓangaren kimiyya. An ce mu kai sunayen darussan da za a yi mana rajistar WAEC da su kafin ƙarshen wata. Ni kuma Fiziks ya zame mini ƙarfen ƙafa, tun aji huɗu ban taɓa cin sa da kyau ba, ga malamin namu in kin yi tambaya sai ya ce ke dai ki jira mijin aure. Ƙawayena biyu sun ajiye shi, sun ce kansu ya huta. Wanda zai aure ni ma ya ce in ajiye, tunda ana gama jarrabawa za a sa mana rana, wahalar me zan yi? Amma Anti ni tun ina ƙarama nas nake so in zama. Zan iya ajiye shi in riƙe Bayoloji da Kimistiri? Don Allah kada ki faɗi sunana."

To ƙanwata, sunanki na sakaya shi. Amsa kuwa ba zan yi miki kwana-kwana ba: kada ki ajiye. In da kin ce mini malamar makaranta kike so ki zama, ko 'yar jarida, da zancen ya bambanta. Amma kin ce nas, ita kuwa makarantar koyon aikin jinya da ungozoma kiredit biyar take nema, kuma ba kowane biyar ba: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit kuma daga C6 yake farawa ya yi sama zuwa A1, D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Ko da kin kwaso A1 a Hausa da Addini da Aikin Gona, in babu Fiziks a takardar nan, mai karɓar fom zai miƙo miki ita ya ce Allah ya ba da sa'a. In kuma digirin aikin jinya kike hari a jami'a, to ita ma JAMB darussa huɗu za ki rubuta mata, Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Kin ga ke nan ta ko'ina kika ɓullo yana nan yana jiranki a bakin ƙofa.

Kuma ba mugunta ce ta sa aka ɗora shi ba. Kin taɓa zuwa dubiya kika ga an rataye ledar ƙarin ruwa a saman ƙarfe? Me ya sa ba a ajiye ta a kan gado kusa da mara lafiya? Saboda tsayin nan shi ke tura ruwan ya shiga jijiya, in aka sauke ledar ƙasa da hannun sai ki ga jini ya biyo robar. Awon hawan jini da ake naɗa wa mutum a damtse, matsi ake aunawa. Hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu, sauti ne ake aikawa ya dawo. Duk wannan Fiziks ne, wanda kike gani a allo kamar ba shi da dangi a duniya.

Bari in ba ki labarin kaina, don kada ki ce Anti tana zaune a inuwa tana ba na rana shawara.

A 1995 nake aji shida, ni kuma a ɓangaren Art nake, kuma babu wanda bai sani ba a gidanmu cewa lauya zan zama, har kakata ba ta kirana da sunana sai "lauyar gida". Wata rana a ajin Litirecha malamarmu ta ce in tashi in karanta wani wuri a wasan kwaikwayon Shekspiya, na zo kan wata kalma na karanta ta a karkace. Aji ya fashe da dariya, ita ma malamar ta dara, ta sa na maimaita har sau uku. Daga ranar kalmar nan ta zama sunana a hostal. Wallahi ko yanzu da nake rubutun nan sai da na ji kunyar ta dawo mini sabuwa. Da lokacin rajista ya zo, aka ce mai Litirecha da Tarihi za ta iya riƙe ɗaya, ban shawarci kowa ba na soke Litirecha. Na ji sanyi a raina, na ce na huta da ganin fuskarta.

Hutun nan wata uku ya yi. Da aka fara sayar da fom ɗin JAMB kawuna ya sayo mini, ya zauna a tsakar gida yana duba littafin da ke zuwa tare da shi, sai na ji ya ce, "Ke, ba kina yin Litirecha ba?" Na ce na ajiye. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce jami'ar da nake so ba ta ɗaukar kowa karatun lauya sai da kiredit a cikinsa. Da hutu ya ƙare na tafi wajen malamin da ke kula da jarrabawa ina kuka, ya ce sunaye sun riga sun tafi, babu abin da zai iya. A lokacin kuma babu NECO da za ki ce bari in gyara a can, ita sai a shekarar 2000 ta fara shirya jarrabawarta. Na jira ta ƙarshen shekara wadda muke kira GCE, na zauna wa Litirecha ɗin bayan na yi kusan shekara rabona da shi, na fito da P7, abin da yanzu ake ce wa D7. Kafin wata shekarar ta zagayo an ɗaura mini aure. Daga baya na yi NCE, kuma alhamdu lillahi ban raina abin da Allah ya ba ni ba. Sai dai har gobe in na ga mace cikin baƙar rigar nan ta lauyoyi sai na bi ta da kallo. Malamar kuwa na tabbata ko sunana ba ta tuna ba. Abin dariyar ma, wadda ta guje wa adabi ga ta yau da biro take cin abinci.

Shi ya sa da na karanta zancen malaminku sai na ji kamar ni ce na rubuto takardar. Maganar da yake faɗa muku ba ta dace da bakin malami ba, kuma in da hali ku haɗu ku uku ko huɗu ku kai ƙara wajen mataimakiyar firinsifal cikin ladabi. Amma ki lura da abu ɗaya: ba shi zai duba takardarki ta WAEC ba. Wanda zai duba ta bai san ki ba, bai san fuskarki ba. Shi malamin naku 'yan watanni suka rage ki rabu da shi har abada, takardar kuwa da ita za ki tsufa.

Kada kuma a ce Anti ta ce haramun ne a ajiye darasi. A'a. WAEC darussa takwas ko tara ake rubuta mata, kuma akwai yarinyar da na tara ɗin nan kaya ne kawai ta ɗora wa kanta. Turanci da Lissafi dai babu zancen ajiye su, dole kowa ta zauna musu. Amma a ce ke mai son aikin jinya kina fama da ƙarin lissafin nan da ake kira Foda Mas, ko Jogarafi, yana cinye miki daren da ya kamata ki ba Kimistiri, to wannan in kin sauke shi ba ki yi asara ba, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ni da kaina na ba 'yar yayata shawarar ta ajiye Jogarafi, kuma ba mu yi da-na-sani ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke zaɓen wanda za mu ajiye: wanda ya fi ba mu wuya, ko wanda malaminsa ba ya mana fara'a, ko wanda ƙawa ta ajiye. Ƙawayen nan naki biyu, kin tambaye su me suke so su zama? Wataƙila hanyarsu ba ta bi ta kan Fiziks ba sam. Wataƙila kuma ta bi, ba su sani ba tukuna, sai nan da wata uku.

Wata kuma za ta ce to bari in ajiye wannan in ɗauki wani sabo a madadinsa, wanda aka ce yana da sauƙi. Nan ma a yi hattara. Makaranta tana tura wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen da kika yi tun daga aji huɗu, darasin da ba ki taɓa shiga ajinsa ba ina za a samo makinsa? Ban da haka karatun shekara uku ne za ki haɗiye a wata shida. Babu darasi mai sauƙi ga wadda ba ta karanta shi ba.

Yanzu ya za ki yi da Fiziks ɗin tunda ya zauna? Ki fara cire wa ranki cewa sai kin ci A1. C6 kike nema, in ya fi haka alhamdu lillahi. Jarrabawar kashi uku ce: akwai ta zaɓi, akwai ta rubutu, akwai firaktikal. A firaktikal ɗin nan 'yan mata da yawa suke tsira, domin tambaya uku ake bayarwa ki amsa biyu, kuma makin yana kan abubuwan da hannu ke koya: ki auna daidai, ki tsara teburinki da kyau, ki zana giraf da fensir mai tsini, ki fitar da gangarensa, ki rubuta matakan kiyayewa da kika bi. Wadda ta yi wannan sau goma kafin ranar, ba za ta firgita ba. Ki nemi littafin tambayoyin shekarun baya, ki riƙa yin na shekara ɗaya duk mako, za ki ga yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, riga kawai suke canzawa. Sannan sau da yawa ba Fiziks ɗin ne ke kayar da yarinya ba, lissafin cikinsa ne, wato juya fomula da canza santimita zuwa mita. Ki sami wadda ta fi ki a aji ki zauna kusa da ita, ko da ba jininku ya haɗu ba. In a gida akwai halin lesin, ki roƙi Baba na Fiziks kaɗai. Kuma in an yi miki rajistar NECO ma, ki sa shi a can, tunda ana haɗa sakamako biyu, kin ga kina da dama biyu a shekara ɗaya, abin da mu ba mu samu ba.

Sai zancen mutumin naki. Ban ce mugu ne ba, ta yiwu tausayinki yake ji, ya ga kina ramewa a kan littafi. Amma akwai tambayar da ban ga alamar kin yi masa ba: shin ya san nas kike so ki zama, kuma ya yarda za ki ci gaba da karatu a ɗakinsa? Domin kalmar nan tasa ta "wahalar me za ki yi" tana iya nufin Fiziks kaɗai, tana kuma iya nufin karatun gaba ɗaya. Gara ki ji yanzu da a ce sai an kai ki. Kuma ba a zaure tsakaninku ku biyu za a gama wannan magana ba, wurin zance kowa alkawari yake yi. Ki gaya wa Umma, ita ta gaya wa Baba, a faɗe ta a gaban manyansa tun kafin a sa rana. Aure ba ya hana aikin jinya, asibitocinmu cike suke da matan aure masu farin kaya, kuma shi kansa ranar da zai kai ki awo mace zai so ta duba ki. To matan nan daga ina za su fito in kowace ta ajiye Fiziks a aji shida?

Ga sauran ƙannena da ke cikin irin wannan hali, kowace ta san inda ta dosa kafin ta soke komai. Mai son likita ko haɗa magunguna, biyar ɗin nan da na lissafa su ne nata, kuma jami'o'i da dama a zama ɗaya suke son na likita. Mai son injiniya ba ta rabuwa da Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Mai son lauya ta ji abin da ya same ni. Littafin nan na JAMB da kawuna ya duba yana nan har yanzu, ya koma intanet, kowane kwas da darussan da kowace jami'a ke nema a kansa, ki sa yayanki ya buɗe miki a waya ku duba tare. Kada ki dogara da abin da wata ta ce an yi a zamaninsu, ni kaina har da ni, saboda ƙa'idojin suna canzawa, ko a 2025 sai da gwamnatin tarayya ta sake fasalin darussan sakandare. Wadda kuma ba ta riga ta san abin da take so ta zama ba, to ita ce ma ya fi kamata ta riƙe darussanta gam.

Ke kuma ƙanwata mai takarda, gobe da safe kafin a shiga aji ki je wajen malamin jarrabawa ki ce ya nuna miki sunanki da darussan da aka rubuta a gabansa. Ki karanta da idonki, ki tabbata Fiziks yana ciki, ki duba harafin sunanki da ranar haihuwarki tunda kin je. In sakamako ya fito ki rubuto mini, ko mene ne kika samu ina son in ji.

Zancen lefe sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida su Umma.

Taku,
Anti