Lissafin dala da lissafin takarda



Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi bayan sallar isha'i a 'yan kwanakin nan zai ga samari zaune ƙarƙashin fitilun bakin titi, kowa da kaye da biki a hannu, suna shirin konkur. Wani jandarma yake son shiga, wani duwan, wani aikin malanta ko na asibiti. Wuraren kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙidayuwa, kuma akasarinsu sun daɗe da rabuwa da bencin lakwal.

Cikinsu har da ɗan wana, wanda ya sami barbe shekara 5 da suka wuce, daga nan ya zauna kantin mahaifinsa a babbar kasuwa. Yaron nan, in ka ce masa tiya 17 ta gero a kan dala 130, kafin ka lalubo na'urar lissafi ya ce maka jika 11 da dala 10. Amma ran da na rubuta masa tambayar nan da faransanci, watau 650 sau 17, sai da ya yi gumi kafin ya fitar da 11.050. Lissafi ɗaya ne, kai ɗaya ne, harshe da ma'auni kawai suka sake.

Wannan ciwo tsoho ne. Yaro ya tashi ya san dala ashirin, ya je lakwal mushe ya ce masa sunanta tamma 100. Tun daga ranar yake ɗauke da lissafi biyu waɗanda ba su gaisawa: na kasuwa, wanda ya amince da shi, da na takarda, wanda yake tsoro. Marigayi Abdu Mumuni, masanin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun cikin littafinsa na 1964 da a karantar da yaran Afirka da harsunansu, kuma a 1973 an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, faransanci da ingilishi suka zama harsunan aiki. To, harshen aiki shi ne na takarda, saboda haka mai shirin konkur ba shi da zaɓi sai ya sasanta lissafin nan biyu da kansa.

Mun fara da kashi cikin 100, domin nan 'ya'yan 'yan kasuwa suka fi faɗuwa, alhali kuwa nan ya kamata su fi kowa. Na ce masa: ka sayi buhu jika 20, ka sayar jika 25, ribarka kashi nawa ce? Ya ce 20. Na ce bisa me? Ya yi shiru. Bisa kuɗin saye kashi 25 ne, bisa kuɗin sayarwa kashi 20, kuma mai tambaya kullum yana faɗin wanda yake nufi, da wata 'yar kalma wadda mai gaggawa ba ya gani. Mahaifinsa, da ke gefe yana jin mu, shi ya kawo misalin da ya fi nawa. Ran 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa, tamma guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100. An ce kuɗinmu ya faɗi da kashi 50, amma abin da ake biyan kayan waje da shi ya ninka, watau ya hau da kashi 100. Duka biyun gaskiya ne. Wanda ya gane dalilin haka ya gama da wannan babi.

Sai tambayar famfo da tanki, wadda muka tsana tun muna firamare. Ita kam ba a cikin ɗaki na koya masa ba, Jiratawa muka je, wurin noman rani na hukumar ONAHA, inda injuna ke ɗago ruwa daga rijiyoyin burtsatse zuwa gonaki fiye da ekta 500. Ekta guda murabba'in mita 10.000 ce. Milimita 1 ta ruwa bisa murabba'in mita 1 lita 1 ce, don haka milimita 1 bisa ekta lita 10.000 ke nan. A ce inji na ba da lita 10 kowace daƙiƙa, watau lita 36.000 cikin awa, kana son ka shayar da rabin ekta na zogale milimita 30. Lita 150.000 kake bukata. Ya raba, ya sami 4,17, ya ce da murna: awa 4 da miniti 17. Wani dattijo da ke gyaran kwalbati ya ji mu, bai san rabawa a takarda ba, amma ya san cewa awa miniti 60 ce, ba 100 ba. Amsar ita ce awa 4 da miniti 10. Irin wannan miniti 7 shi ke raba wanda aka ɗauka da wanda ya koma gida.

A hanyar Tsibiri na yi masa tarko na uku. A ce tsakaninta da Maraɗi kilomita 12 ne, ka tafi da gudun 60 cikin awa, ka komo da gudun 30 saboda duhu, mene ne matsakaicin gudunka? Kowa 45 yake cewa, ni ma haka na ce ina lise. Amma tafiya miniti 12 ta ci, komowa miniti 24, kilomita 24 ke nan cikin miniti 36, watau 40.

Ta fannin kimiyya ban wahalar da shi da haddar ma'anoni ba. Na sa ya auna jarka mai lita 25 cike da ruwa, sa'an nan cike da man gyaɗa: ruwa kilo 25, mai kuwa wajen kilo 23. Dalilin da ya sa mai ke tasowa bisa ruwa ke nan, kuma dalilin da ya sa lita da kilo ba abu ɗaya ba ne. Ya daɗe yana sayar da man nan bai taɓa tambayar kansa ba.

Akwai maganar da ba zan ɓoye muku ba. Wani mutum ya zo wurin wana ya ce konkur sai da hanya, in an ba shi jika 300 zai san abin da ya yi. Har wana ya fara maganar sayar da raguna biyu. Na ce masa: Yaya, ba zan rantse cewa babu magudi a duniya ba, amma wannan bawan Allah ba shi da abin da zai yi hasara. In yaro ya ci da guminsa ya ce aikinsa ne, in ya faɗi ya ce wani ya fi ka biya. Abin da na roƙa a maimakon raguna shi ne awa 2 kowace rana, a saki yaro daga kanti bayan la'asar. Ya yi ta gunaguni, amma ya yarda. Wannan roƙo nake yi wa sauran alhazan kasuwa da ke da irin waɗannan yara.

Yadda muke yi yanzu: tambaya 10 kowace rana, daga tsofaffin takardun barbe da littattafan koleji da ake samu wurin masu baza littattafai a ƙasa, agogo na gabansa. Kowace tambaya sai ya karanta ta sau biyu, ya faɗa mini da Hausa abin da ake nema, ya kimanta amsar da kai kamar yana kanti, kana ya ɗauki biki. Wadda ya kasa, a rubuta ta a kaye dabam, a komo mata bayan kwana 3. Makon farko 3 yake ci cikin 10, jiya ya ci 7.

Ga wadda na bar masa daren jiya, ku ma ku gwada kafin mako mai zuwa. Ɗan kasuwa ya ƙara wa buhun jika 20 kashi 20 cikin 100, ciniki ya tsaya, sai ya rage kashi 20 daga sabon farashin. Nawa yake sayarwa yanzu, kuma dala nawa ke tsakaninsa da inda ya faro?