Mai ciwon suga na buƙatar darasi, ba ƙwaya kaɗai ba

Mai ciwon suga yakan ga likita na 'yan mintuna, sau ɗaya a wata ko wata uku. Sauran kwanakin shi ne likitan kansa, shi da mai ɗora masa tukunya. To, wa ya koya masu aikin? A tagar bayar da magani inda nake aiki, tsawon layi ba ya barin mu wuce "ɗaya da safe, ɗaya da dare". Wanda kuwa ya ɗauki tsohon kwali ya nufi kemis a Fagge ko Sabon Gari, ko wannan ma ba lalle ya samu ba.

A Japan akan kwantar da majiyyaci mako ɗaya ko biyu, ba don jiki ya yi tsanani ba, sai don a koya masa awon abinci, gwajin jini da yi wa kai allura. Mu a Kano gadajenmu ba za su ɗauki haka ba. Amma zama na awa guda, da Hausa, bai fi ƙarfinmu ba, kuma a ganina haƙƙin majiyyaci ne kamar maganin kansa.

Dubi abin da rashin darasin ke jawowa. Dattijo ya sha Daonil ya fita bai karya ba, sai gumi, karkarwa da jiri. Sugansa ne ya faɗi ƙasa da 70, abin da cokali ɗaya na sukari ko zuma zai ɗaga, a sake gwadawa bayan minti 15. Iyali kuwa sun ji an ce zaƙi haramun ne gare shi, sai su hana. Wata ta bar tuwon shinkafa ta koma na alkama, tana cin malmala biyu da kwanciyar hankali, alhali alkamar ma tana ɗaga suga, yawan ne abin lura. Insulin da aka buɗe ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, ga zafin Kano a watan Afrilu, ga wutar da ba ta zama. A naɗe kwalbar a leda, a sa a ƙaramar tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Saboda haka, ko a Asibitin Murtala kuke ganin likita ko a na Malam Aminu Kano, ku nemi a zaunar da ku: ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara, da duk lokacin da aka canza magani ko ƙafa ta fara mutuwa. Ku zo tare da mai girki. Mai niyyar azumi kuma ya zo tun watan Rajab, a daidaita masa lokutan shan magani.