Mai wankin ƙoda ba gawa ba ne, a bar shi ya motsa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe shagonsa ya raka ɗan'uwa wankin ƙoda, ko a asibitin Lamorde na Yamai, ko a babbar asibitin Damagaram, ya san yadda abin yake. A kwantar da mutum, a soka masa allura biyu a hannu, na'ura ta yi ta janyo jininsa tana tacewa tana maido masa, har wajen awa huɗu. Ka'ida ita ce sau uku a mako, wasu kuma sau biyu suke samu. In ya koma gida, tausayi ya sa iyali su sake shimfiɗa masa tabarma: kada ka tashi, kada ka fita, kada ka ɗauki ko buta. Niyya mai kyau ce, amma wannan kwanciya ta dare da rana tana cutar da shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, babban abin da ke kashe masu wankin ƙoda ciwon zuciya ne da na hanyoyin jini. Ƙodar da ta gaza ba ta fitar da ruwa da gishiri yadda ya kamata. Ruwa ya taru a jiki, tansiyo ya hau, zuciya ta yi ta turin jini da ƙarfi kamar mai tura amalanke a kan tudu. Da tafiya ta yi tafiya, naman zuciya ya yi kauri, jijiyoyin jini su yi tauri. In aka haɗa wannan da zama wuri ɗaya, ƙafafu su saki, mutumin da ke zagaya kasuwar Maraɗi da ƙafa ya koma ba ya iya zuwa masallacin unguwa.

Shi ya sa likitoci a ƙasashe da dama suka ce, tun da awa huɗun nan zaman banza ne, a ci moriyarsu. Sai su ɗaura wata ƴar na'ura mai feda irin ta keke a ƙarshen gado, maras lafiya yana kwance ana wanke masa jini, shi kuma yana juya feda da ƙafafu. A Ingila, a birnin Leicester, an gwada wannan a kan mutum 130, aka bayyana sakamakon a shekara ta 2021. Rabinsu sun riƙa tuka feda minti 30 a kowane wanki har wata shida, sauran kuma aka bar su yadda aka saba. Da aka duba zuciyarsu, waɗanda suka tuka feda kaurin naman zuciyarsu ya ragu, jijiyarsu ta jini ma ta ƙara laushi. A Italiya kuma, wani gwajin da aka bayyana a 2017 ya nuna tafiya da ƙafa a gida, a ranakun da ba na wanki ba, tana ƙara wa maras lafiya nisan da yake iya takawa.

Game da tansiyo, gaskiya ɗaya ce: motsa jiki kan taimaka ya sauka kaɗan ga wasu, amma ba ya maye gurbin magani. Wanda lokotoro ya rubuta wa ƙwayar hawan jini ya ci gaba da shanta. Haka nan rage gishiri, da dunƙulen miya, da kanwa, da kiyaye yawan ruwan da aka ƙayyade masa, duk suna nan daram.

Kuma abin yana da sharaɗi. Ba a farawa sai da izinin lokotoro. Ana yi ne cikin awa biyu na farko na wankin, domin can wajen ƙarshe, bayan na'ura ta janye ruwa mai yawa, jini kan sauka ƙwarai. Hannun da allura ke ciki ba a motsa shi. A fara da minti biyar ko goma, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Mai zazzaɓi, da wanda tansiyonsa ya hau sosai a ranar, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, su dakata. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na yanke masa, ya tsaya nan take ya kira ma'aikacin jinya.

To, ina ruwan ƴan kasuwa da wannan batu? Ruwansu ne tsundum. Mai wanki ɗaya a gida ya isa ya cinye jarin iyali: kuɗin mota daga Tawa ko Tasawa, masauki, magunguna, awon jini, ga rumfa a rufe. In maras lafiya ya samu ƙarfin ƙafarsa, yana iya hawa mota shi kaɗai, yana iya zama rumfa a ranakun da ba na wanki ba, ƴarsa da aka cire daga makaranta don jinya ta koma aji. In kuwa zuciya ta buga, dukiyar da aka kashe ta tafi, mutum ma ya tafi.

Don haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da shugabannin asibitocin da ke wankin ƙoda su sa motsa jiki cikin aikin jinya, su horar da ma'aikata a kai. Na'urar wanki miliyoyi ce, daga waje ake kawo ta. Feda kuwa ƙarfe ne da masu walda na garuruwanmu za su iya haɗawa in likitoci sun nuna masu yadda ake so. Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da matan da ke adashi: kamar yadda kuke kai abinci asibiti da azumi, ku je ku tambayi lokotoro ko zai karɓi irin wannan gudummawa.

Ku kuma iyalai, ku daina hana maras lafiya tashi. In lokotoro ya yarda, ku riƙe masa hannu ya taka zuwa bakin titi da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba cikin garjin rana ba. Sannan kai alhaji da ke zaune kan benci tun hantsi har magariba, da ke hajiya da ke gaban tire yini guda, ku tuna hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma ba su yin sallama. Ku je a auna ku, ku riƙa miƙewa kuna takawa. Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare masu lafiya. Amin.