Guntun gatarinka: tsakanin Kusugu da gidan kallon ƙwallo

Duk yammacin Asabar da Lahadi, daga watan Agusta zuwa Mayu, gidajen kallon ƙwallo na Daura kan cika maƙil. A unguwar Kusugu, ba nisa da rijiyar da tarihin Hausa Bakwai ya rataya a kanta, janareto na ruri, matasa sun jeru a kan benci, wannan da rigar Arsenal, wancan da ta Chelsea ko Real Madrid. Idan aka zura ƙwallo a Landan, ihun yakan kai bakin titi. A daidai wannan lokaci, a filin wata makarantar firamare, ƙungiyoyin unguwa biyu na fafatawa cikin ƙura, 'yan kallonsu yara ne da tsirarun abokai. Kocin ne ya sayi ƙwallon daga aljihunsa, shi ne kuma zai sayi ruwan leda idan an tashi.

Kallon ƙwallon Turai ba laifi ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe gidajen kallo. Inda gizo ke saƙa shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu ilimi da abin hannu, likita ne ko lauya ko ma'aikacin banki ko malamin jami'a: wai ƙwallon gida ba ya kalluwa, in ya gyaru za su zo. Maganar tana da kamar hikima, amma a baibai take. Babu ƙasar da ƙwallonta ya fara gyaruwa sannan jama'a suka zo. Jama'a ne kan zo tun ƙungiya tana rarrafe, su biya kuɗin shiga, su jure shan kaye shekara da shekaru, daga nan ne gyara ke biyowa. Wanda ke jiran a gama dafa tuwo kafin ya kawo itace, kada ya yi mamaki idan ya kwana da yunwa.

Benen da ake hange yana da tushe

Gasar Firimiyar Ingila da ake raba dare ana musu a kanta ƙungiyoyi 20 ne kacal. A ƙarƙashinsu akwai wasu 72 a rukunai uku, a ƙarƙashin waɗannan kuma akwai ɗaruruwan ƙungiyoyin ƙananan garuruwa da ƙauyuka, kowace da matakin da za ta taka ta hau, da ramin da za ta faɗa idan ta gaza. Kyamarar da ke kawo hoto Daura ƙololuwar benen kawai take haskawa.

Sunderland ta faɗa rukuni na uku a 2018, ta yi kaka huɗu a can. Ranar 26 ga Disamba na wannan shekarar, mutum fiye da 46,000 suka shiga filinta don kallon wasa da Bradford City, wasan rukuni na uku, cikin hunturun arewacin Ingila. Luton Town tana wajen rukunai huɗun ƙwararru har zuwa 2014, amma a 2023 ta hau Firimiya. Da aka amince a 2002 a ɗauke ƙungiyar Wimbledon daga Landan zuwa Milton Keynes, magoya bayanta ba su koma Chelsea da ke kusa da su ba. Sun kafa tasu, AFC Wimbledon, suka fara daga can ƙasa, cikin shekara tara suka shigo sahun ƙwararru. A Jamus, magoya bayan Union Berlin fiye da 2,000 ne suka yi aikin gayya wajen sake gina filin wasansu tsakanin 2008 da 2009, shekara goma kafin ƙungiyar ta taɓa shiga Bundesliga.

A Amurka ma, inda ƙananan ƙungiyoyin wasan besbol ba su da damar hawa babban rukuni ko sun lashe komai, kuma duk ɗan wasan da ya yi fice babbar ƙungiya ce ke janye shi, mutane na riƙe da nasu. Lokacin da ƙungiyar Red Wings ta birnin Rochester ke shirin salwanta, a 1957 mazauna birnin fiye da 8,000 suka sayi hannun jari suka mallake ta. Hikimar abin da suka yi ta ƙara fitowa fili bayan 2020, sa'ad da hukumar babbar gasa ta rage ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta daga 160 zuwa 120, garuruwa da dama suka wayi gari an cire su daga tsarin ba tare da an nemi ra'ayinsu ba.

Waɗannan mutane ba makafi ba ne. Sun san Manchester City ta fi ƙungiyarsu iya wasa. Abin da suka gane shi ne bambancin mai saye da mai gida. Mai saye yana bin kaya mai kyau duk inda yake. Mai gida kuwa, idan ɗakinsa na yoyo, shi zai hau ya yi yaɓe.

Abin da ke ƙofar gida

Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne. A can Katsina United take, wadda ta hau babbar gasar Najeriya a 2016, tana wasa a filin Muhammadu Dikko mai cin mutum 35,000. A 2022 ta faɗo rukuni na biyu, tare da Kano Pillars, ƙungiyar da ta lashe gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wadda kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofi daga Gasar Zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Duka biyun sun dawo a 2023. Wannan shekara guda ta zaman 'yan dagaji ita ce ma'aunin gaskiya na kowane mai kiran kansa masoyi, domin goyon bayan mai kofi ba ya buƙatar jarunta. Ya dace kowane ɗan jihar da ke iya jero 'yan wasan Liverpool har da na benci ya tambayi kansa ko ya san da wa Katsina United ta kara a waccan kakar.

Waɗanda ke cewa ƙananan rukunai ba su da abin kallo su tuna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, wadda ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa a 2024 alhali tana rukuni na biyu. Su tuna da Remo Stars, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya gina a ƙaramin garin Ikenne na jihar Ogun, da filinta da makarantar horar da yara, ta kuma lashe gasar Najeriya a 2025. Ikenne ba ta fi Daura tarihi ba, ba ta fi ta manyan mutane ba. Daura hedikwatar masarauta ce mai ƙananan hukumomi biyar, Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, 'ya'yanta sun riƙe manyan muƙamai a ƙasar nan. A ce gari irin wannan ba shi da ƙungiya a babbar gasa, wannan ba ƙarancin yara masu ƙafa ba ne. Manyan ne ba su ɗauki abin da muhimmanci ba.

Hujjojin masu ƙin zuwa

Dole a yi adalci, domin masu gudun filin wasa suna da hujjoji, wasu ma masu ƙarfi. Suna cewa alƙalanci ba shi da tabbas, mai masaukin baƙi kusan ya riga ya ci kafin a busa usur. Suna cewa ana riƙe wa 'yan wasa albashi wata da watanni. Suna kuma cewa filin ba shi da tsaro, mutum ba zai kai ɗansa inda ake jifa ba. Ba ƙarya suke yi ba. A watan Afrilun 2022, a wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha, 'yan kallo suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar 'yan wasan Katsina. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars, ta mayar da wasanninta na gida Abuja. Ƙarshen kakar, wanda aka jefa da wanda ya yi jifa suka faɗa rami ɗaya. Duk wanda ke kiran irin wannan ta'asa ƙauna, maƙiyin ƙungiyarsa ne sanye da rigarta.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya bar wa 'yan daba filin? Wurin da dattawa da masu mutunci suka ƙaurace wa, wanda ya rage shi ke kafa doka. Ingila ma ta yi nata zamanin, har aka kori ƙungiyoyinta daga gasannin Turai na tsawon shekara biyar bayan bala'in Heysel a 1985. Ba ta warke ta hanyar komawa kallon ƙwallon Italiya ba, sai da aka gyara filaye, aka hukunta masu laifi, iyalai suka dawo kan kujeru.

Tushen sauran matsalolin kuwa guda ne: mafi yawan ƙungiyoyin Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Gwamna ne ke naɗa shugabanni, baitulmali ne ke biyan albashi idan an ga dama, sau da yawa ma akan buɗe ƙofa kyauta don a cika fili. Ƙungiyar da ba ta ci daga aljihun magoya bayanta ba ta da dalilin sauraron su, shugabanta kuwa ya san wanda zai faranta wa, kuma ba mai zama a rana yana buga ganga ba ne. A Jamus doka ta tanadi cewa, ban da tsirarun ƙungiyoyi, mambobi ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a. A nan mai goyon baya ɗan rakiya ne. Mutumin da ya ƙi biyan ko sisi, sannan ya zauna yana zagin yadda ake tafiyar da ƙungiya, yana kukan ciwon da rashinsa ke ƙara wa zafi.

Bahaushe ya san wannan ƙauna

Kada wani ya ce riƙo da na gida ɗabi'ar Bature ce. A gidan dambe, ɗan Arewa da ɗan Kudu da ɗan Guramaɗa kowa ya san ɓangarensa, kuma ba a taɓa jin wanda ya sauya sheƙa don an kashe gwaninsa a turmin farko ba. A tsallaken iyaka, tun 1975 Nijar ke gudanar da gasar kokawar gargajiya ta neman takobi, jihohi takwas kowace da 'yan kokawarta. Mutumin Damagaram ba ya komawa bayan Dosso don Issaka Issaka ya ɗauki takobi sau da dama. A hawan Sallah da Sallar Gani a Daura, kowa hakimin ƙasarsa yake jira ya wuce, ko da dawakin wani sun fi ado. Ƙaunar tana nan daram. A ƙwallo ne kawai aka ɗauke ta aka aika da ita inda ba a san da zaman mai aikawa ba.

Kuma aikawar ba kyauta ba ce. Kuɗin tauraron ɗan'adam, da na riguna, da wanda cacar wasanni ke lamushewa ta wayar hannu, duk fita suke yi daga gari ba dawowa. Ga kuma asarar da ba a gani. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe, a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance da rajista, sunan yaron kuma yana rubuce a kundinta. Kocin unguwar da ya yi shekara shida yana horar da yaro ba tare da takarda ba, ranar da yaron ya ƙetare teku, ko kwabo ba zai gani ba. Ahmed Musa daga Jos ya taso, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars kafin ya tafi Holan a 2010. Da babu matakan ƙasa da ya taka, da babu ƙwallaye biyun da ya ci Ajantina a 2014, babu na Iceland a 2018.

Abin da ake nema bai da yawa

Ba a ce kowa ya yar da rigar Arsenal ba. Cewa ake yi masu hali su daina fakewa da raini. Lauya guda zai iya yi wa ƙungiyar unguwarsa rajista da hukumar ƙwallon jiha cikin 'yan kwanaki. Akawu guda zai iya riƙe mata littafin shiga da fita, wanda shi ne abin da kowane mai tallafi ke fara tambaya. Likita ko ma'aikacin jinya zai iya ba da yammaci ɗaya a mako. 'Yan kasuwa goma za su iya ɗaukar nauyin mota da riguna na kaka guda a rukuni na uku na ƙasa, inda kowace ƙungiya mai buri ke farawa. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka saba tara kuɗin gyaran aji da sayen magani, sun riga sun san yadda ake haɗa mambobi masu biyan kuɗin wata su kuma zaɓi shugabanni. Mafi sauƙi duka shi ne zuwa filin, a biya kuɗin ƙofa ko da an ce kyauta ne, a zauna har a tashi, a dawo mako mai zuwa ko an sha kaye.

Labarin Kusugu ya ce macijiya ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo cikin dare ya kashe ta. Ko a labarin, rijiyar mutanen garin ne suka haƙa, su ne kuma suka ci gaba da yashe ta bayan baƙon ya gama nasa. A harkar ƙwallo babu Bayajiddan da ke tafe. Attajirin da ya sayi Chelsea bai san hanyar Kwangwalam ba, gwamna kuma wa'adinsa shekara huɗu ne ko takwas. Idan Daura za ta samu ƙungiyar da jikokinta za su yi kuka dominta, waɗanda ke zaune yau a gaban talabijin da rimot a hannu ne za su kafa ta.