Za Ka Tafi da Zomaye a Mota Zuwa Gidan da Ke da Kare? Tsaya Tukuna



Shekaranjiya wani bawan Allah ya turo min tambaya. A Kaduna yake zaune, yaransa na da zomaye uku da suke kiwo don sha'awa, har suna sun raɗa musu. An yi hutun makaranta, za su tafi gida Katsina su yi kwana goma, yaran kuma sun kafe sai da zomayensu. Gidan da za su sauka akwai karen gadi. Ya ce min, "Malam, karen fa ba ya cizo, ya saba da mutane. In na sa su a kwali na jefa a but, akwai damuwa?"

Na ba shi amsa a taƙaice, amma na ga gara in kawo maganar nan. Da yawanku zomayen farko da za ku saya daga wani gari za su zo, a mota, kuma gida ko gonar da za su sauka da wuya a rasa kare.

Ra'ayina shi ne, in ziyara ce ta 'yan kwanaki, ka bar zomayenka a gida. Ka samu maƙwabci ko ƙanenka ka nuna masa abinci da ruwa, ka tafi hankali kwance. Zomo dabba ce ta wuri ɗaya, ba ya jin daɗin yawo. In kuwa tafiyar dole ce, kamar ƙaura ko sabon saye, to ka shirya mata kamar yadda kake shirya wa 'yan tsaki ko 'ya'yan tarwaɗa. Maganar "karenmu ba ya cizo" kuma ka ajiye ta gefe.

Ni da kuɗina na sayi wannan darasin. Shekarar da na gama bautar ƙasa na tattara ɗan abin da na tara na sayi zomaye shida a Jos, mata huɗu maza biyu. Watan Afrilu ne. Na zuba su a kwali biyu, aka tura but ɗin motar haya, aka danna buhun dankali a gefensu. Sanyin Jos ya ruɗe ni, muka tashi wajen sha ɗaya na safe. Da muka wuce Saminaka muka ratsa dajin Falgore, muka tsaya azahar a Tudun Wada, na buɗe kwali sai na tarar ɗaya ta miƙe, bakinta duk yawu. Sauran suna ta haki, kunnuwansu kamar an ɗora a wuta.

Muka iso Kano, gidan kawuna. Na juye su a keji na ajiye a ƙasa, a tsakar gida. Na tambayi Kawu batun karensa, ya ce, "Haba ɗana, wannan ko kaza ba ya kora." Gaskiya ya faɗa kuwa, don karen bai ciji ko ɗaya ba. Da dare aka kwance shi kamar kullum, ya kwana yana zagaya kejin yana haushi. Da asuba na samu babbar macen, wadda na fi sa wa rai, tana jan ƙafafun baya. Ta yi ta shure-shure cikin firgici har ƙashin bayanta ya karye. Sai yankawa muka yi. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. A labarin nan ni ne maratayin, ba direba ba, ba kare ba.

To bari mu ɗauki abin ɗaya bayan ɗaya.

Abokin gaba na farko a hanya shi ne zafi. Zomo ba ya gumi irin namu, ta kunnuwansa yake fitar da yawancin zafin jikinsa. Ya fi jin daɗi a wajen digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. Da an haura 30 ya fara wahala, in aka wuce 35 kuma yana iya mutuwa. Mu kuwa a Kano, Katsina, Sakkwato ko Maiduguri, bazara na kaiwa 40 a waje, balle cikin but ɗin da ba iska, ga hayaƙin salansa na shiga. Don haka but haramun ne ga zomo. A cikin mota zai zauna, a ƙasa bayan kujerar gaba, ko a kujerar baya a ɗaure kwandon da bel, inda rana ba ta dukansa. Ka tashi bayan sallar asuba. Masu kifi sun san ba a ɗaukar 'ya'yan tarwaɗa da rana tsaka, to zomo ma haka. In kun tsaya sallah ko cin abinci, kada a bar shi a rufaffiyar mota, ko da na minti goma ne.

In ka ga yana haki da baki a buɗe, abin ya yi nisa, don zomo mai lafiya ta hanci yake numfashi. Ka tsaya a inuwa, ka jiƙa tsumma da ruwa mai ɗan sanyi ka shafa masa a kunnuwa. Ban da ƙanƙara, ban da tsoma shi cikin bokiti.

Sai abin da za ka saka shi. Kwali ba ya riƙe zomo, zai ɓaɓɓake shi da haƙori, fitsari kuma ya jiƙa ƙasan ya ɓarke. Ka nemi kwandon roba mai huji-huji da murfi, ko ƙaramin keji mai dandaɓe a ƙasa, ka shimfiɗa harawa ko busasshiyar ciyawa don kada ya riƙa zamewa duk lokacin da aka taka birki. Manyan maza biyu ba sa zama kwando ɗaya, za su yi wa juna rauni. Macen da cikinta ya tsufa, ko mai shayarwa, a bar ta sai ta yaye. Cikin zomo wajen kwana 31 ne kawai, haƙurin bai da yawa. Kuma don Allah a daina ɗaga zomo ta kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙugu.

Ga inda masu kifi ke yin kuskure. Kun saba in za a ɗauki kifi sai a hana shi abinci kwana ɗaya don kada ya ɓata ruwa. Kada ka yi wa zomo haka. Zomo ba ya amai, kuma hanjinsa so yake ya yi ta aiki ba tsayawa. In ya daina ci, hanjin ya tsaya, ciki ya kumbura, daga nan sai labari. Ka sa masa harawa a kwandon, da ɗan ganyen da ya saba ci ko yankan gurji saboda ruwan jikinsa, duk awa biyu kuma ka tsaya ka miƙa masa ruwa. Ka ɗauko abincinsa na gida wanda zai kai shi aƙalla sati, don canjin abinci farat ɗaya na kawo zawo. In ya yi awa 12 bai ci ba kuma ba ka ga kashinsa ba, nemi likitan dabbobi, kada ka jira gobe.

Masu kaji ku ma ga naku. Kun saba da zarar tsaki sun sauka sai a kaɗa musu magani a ruwa. Wasu magungunan da kaza ke sha lafiya, irin su amoxicillin da ampicillin da lincomycin, in zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, su jawo zawon da ke kisa. Ruwa mai tsabta da harawa da shiru sun fi masa.

Yanzu batun kare. Mu Hausawa da kare ake farautar zomo tun kaka da kakanni. Zomon gida bai taɓa shiga daji ba, amma tsoron nan yana jininsa. Warin kare kaɗai ya isa ya hana shi ci, haushi kuma ya sa shi haukan gudu a cikin keji. Ƙashin zomo kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na nauyin jikinsa, ga ƙafafun baya masu ƙarfi, shi ya sa shuri ɗaya ke iya karya masa baya. Wani ma firgicin ne kawai ke tsayar masa da zuciya. Shi kuma karen, komai sanyin halinsa, in ya ga ƙaramin abu mai gashi ya zabura, bin sa zai yi. Halittarsa ce.

Saboda haka ka kira gida tun kana hanya a ɗaure karen kafin mota ta shigo. Ka wuce da zomayen kai tsaye zuwa ɗaki mai ƙofa da iska, inda kare ba ya shiga kuma ba ya leƙawa. In dole sai a waje, kejin ya zama a sama, kamar mita ɗaya daga ƙasa, a kuma kange ƙarƙashinsa, don kare na iya cizon yatsun zomo ta ƙasan waya. Ƙa'idata ita ce shinge biyu tsakanin kare da zomo, in ɗaya ya ci amana ɗayan ya tsare. Ka fi sa ido da dare, lokacin da ake sakin karen gadi, da kuma lokacin da yaran gida za su buɗe keji su nuna wa abokansu.

Akwai kuma cutar da ba a gani. Kare na ɗauke da tsila a cikinsa, ƙwayayenta na fita a kashinsa. In ka yanko ciyawa inda yake kewayawa ka ba zomo, ranar yanka za ka ga wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a kayan cikinsa. Ka jefa wa kare ɗanyen kayan cikin nan, ka sake mayar masa da tsilar. Sannan in ka ga ƙuma a jikin zomo, kada ka ɗauko maganin kaskar kare ka shafa masa. Mai sinadarin fipronil a ciki guba ne ga zomo.

Na san wani zai ce ai yana ganin bidiyon kare da zomo suna kwance tare. Akwai, ban musa ba. Amma waɗancan tare suka tashi, an yi watanni ana saba musu a gaban mai su. Kai kwana goma za ka yi, karen kuma ba naka ba ne. Wani kuma zai ce duk wannan wahalar a kan zomo, nawa yake? Ka lissafa macen da za ta haifa maka 'ya'ya shida ko takwas a haihuwa ɗaya, sau da yawa a shekara, sai ka gaya min nawa take. Ko ba kuɗi ma, rai ne aka ba ka amana.

Ƙari ɗaya ga mai zomaye a gida. Duk wanda ya dawo daga tafiya, ko sabon saye, a killace shi aƙalla sati biyu kafin ya haɗu da sauran. A 2020 cutar nan mai sa zomaye zubar jini ta ciki ta ɓulla a Najeriya, masu kiwo a jihar Kwara sun ji a jikinsu, kuma ƙwayar cutar na bin keji da takalmi da tufafi.

Shi dai bawan Allahn nan na Kaduna na ce masa ya lallashi yaran, ya bar zomayen wurin maƙwabci, a riƙa turo musu hoto. Kukan yaro na rabuwar kwana goma ya fi sauƙi a kan kukan gawar zomonsa a gidan kaka.

Wanda ya taɓa ɗauko zomaye daga nesa, ya gaya mana yadda ya yi, mu ƙaru da juna. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya kare mu daga asara.