Shirun Na'ura Ya Fi Jinkirinta Ciwo

Duk wanda ya bi hanyar Lafiya zuwa Makurɗi ya san Agyaragu, garin da kasuwar doyarsa take jawo fatake daga nesa. A da, in an sallama ƙwaryar doya, sai a ƙirga kuɗi hannu da hannu, 'yan dako su shiga lodi. Yau kuwa sau da yawa mai saye yakan zaro waya ya tura kuɗin ta manhajar banki, ko kuwa a nufi rumfar mai POS. To, a nan ne wani ɗan ƙanƙanin abu yake tsai da ciniki, watau 'yar da'irar nan da ke ta juyawa a fuskar waya ba ta cewa uffan.

Mai karatu zai tuna farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Jama'a suka yi ca a kan tura kuɗi ta waya, aiki ya yi wa injunan bankuna yawa. Sai ka ga mai kaya ya riƙe kayansa don bai ga saƙo ba, mai saye yana rantsuwa an cire masa kuɗi, direba kuma yana kallon rana tana faɗuwa. Wanda ya ƙosa ya sake dannawa, yana iya wayar gari ya biya sau biyu.

Gaskiyar al'amari ita ce, wayar 'yar aike ce kurum. Takan kai buƙata ga babbar kwamfutar banki, wadda za ta duba asusu ta cire kuɗin, ta miƙa ta hannun kamfanin NIBSS mai haɗa bankunan ƙasar nan, sa'an nan bankin mai karɓa ya zuba a asusun mai kaya, ya maido da amsa. Zango-zango ne, kuma a kowanne ana iya samun tsaiko. Amma da'irar nan iri ɗaya take juyawa, ko saƙon bai bar wayar ba, ko kuɗi sun riga sun isa.

Masana sun daɗe da gane wannan. Tun 1985 Brad Myers na Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada ya gwada mutane a gaban kwamfuta, ya tarar mafi yawansu sun fi son a nuna musu inda aiki ya kai. A 1993 kuma Jakob Nielsen ya bayyana cewa in jira ya wuce daƙiƙa 10 hankalin mutum yakan rabu, saboda haka wajibi ne a sanar da shi abin da ake ciki.

Hanyar yin haka ba ɓoyayyiya ba ce. Da zarar babbar kwamfuta ta karɓi aiki sai ta ba shi lamba, manhaja kuma ta riƙa tambaya a kai a kai da wannan lambar, ko kuwa ita kwamfutar ta riƙa aiko da labari duk sa'ad da aka haye wani zango. Sai a rubuta wa mutum a fili: an karɓi buƙatarka, an cire kuɗin, ana jiran bankin mai karɓa, kada ka sake turawa. In har da Hausa aka rubuta, wadda ake ciniki da ita a kasuwanni da dama, to, ya fi.

Amma fa akwai sharaɗi, shi ne a faɗi gaskiya. Layin nan da ke cika da gudu har kashi 99 cikin 100 sa'an nan ya cije, ya fi shirun muni, domin ya yi alkawari ya saɓa. Inda ba a san tsawon lokacin ba, gara a faɗi zangon da ake, a bar ƙirƙirar lissafi.

A 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su warware rikicin cinikin POS da ya maƙale cikin awa 72. Madalla da wannan, sai dai kwana uku ba ƙaramin abu ba ne ga falken da jarinsa ke rataye, mota kuma tana jiransa. Ya kamata bankuna da masu tsara manhajoji su ɗauki sanar da mai jira a matsayin hakkinsa. Kafin a kai ga haka, wanda wayarsa ta yi shiru ya duba asusunsa tukuna, ya adana lambar cinikin, kada ya yi garajen sake dannawa. Ɗan aiken da ya jinkirta amma ya aiko da labari ba ya haɗa mai doya da mai saye faɗa.